Daga Ruwan Bagaja Zuwa Bobi: Abin Da Ke Daskarar Da Fasaha A Duniyar Siddabaru

Masu nazarin adabi sun daɗe da lura da wani abu game da labaran aljannu da tsafi: shekara dubu za ta shuɗe a cikin labari, amma takobi yana nan takobi, doki yana nan doki, fitilar aci-balbal ba ta taɓa zama lantarki. A labaran marubucin Ingila J.R.R. Tolkien, dauloli sun kafu sun rushe cikin dubban shekaru, mayaƙansu kuwa ba su rabu da kwari da baka ba. Tambayar abin da ke hana irin wannan duniya ci gaba ta yi kama da hirar majalisar mai shayi, sai dai amsarta ta shafi wani fili mai faɗin hekta kusan 31,000 a ƙaramar hukumar Mariga ta masarautar Kontagora, wato gandun kiwo na Bobi.

Ƙasar Kontagora ba baƙuwa ba ce ga irin waɗannan labarai. A Kagara aka haifi Abubakar Imam a 1911, kuma littafinsa Ruwan Bagaja, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, mutumin Kontagora ya ɗauka a matsayin gwarzo. Ɗan sarki ya kwanta ciwo, magani yana can wata uwa duniya, gwarzo ya shafe shekaru yana yawo har ya samo ruwan da taimakon aljannu, yarima ya warke. Labari ya ƙare da murna, amma ba a bar wa garin ko mutum guda da ya iya haɗa maganin ba. Gobe in ɗan wani ya kwanta, sai a jira wani gwarzon.

Dalilai uku ke daskarar da fasaha a irin wannan duniya. Na farko, siddabaru yana kashe buƙata: wanda zobe ke kawo wa tuwo ba zai ɓata dare yana tunanin gyara garma ba. Na biyu, asiri ba ya yaɗuwa. Boka ba ya buɗe makaranta, laƙaninsa tare da shi ake binnewa, alhali ilimin maƙeri yana ƙaruwa ne domin almajirinsa ya gani, ya gwada, ya ƙara nasa. Na uku, tsoro. A labarin Bayajidda, mutanen Daura ba sa ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Garin da ke auna ruwan sha da kwanaki ba ya da sukunin ƙirƙira.

Duk ukun suna da takwarorinsu a tarihin madara a Najeriya. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar gandayen kiwo, aka keɓe fiye da 400 a faɗin ƙasa, amma waɗanda aka tabbatar a gazet ba su kai rabi ba. Da kuɗin man fetur suka bunƙasa a shekarun 1970, sai dala ta zama zoben sihiri: jiragen ruwa suna sauke madarar gari a Legas cikin rahusa, babu mai damuwa da yadda nonon ruga zai isa masana'anta. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ce ƙasar na kashe dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 kowace shekara wajen shigo da madara, a ƙasar da ke da miliyoyin shanu.

A Fabrairun 2020 bankin ya taƙaita ba da dalar shigo da madara ga kamfanoni shida da suka amince su zuba jari a kiwon cikin gida. A wannan yanayi ne gwamnatin Abubakar Sani Bello ta buɗe Bobi ga masu zuba jari, kamfanin FrieslandCampina WAMCO, mai madarar Peak, ya karɓi hekta 10,000. Manufar ita ce a shuka ciyawa, a samar da ruwa, a inganta irin shanu, a tara nono daga hannun makiyaya.

Aikin madara kuwa ba ya yafe sakaci. Saniyar gida irin Bunaji, a kiwon gargajiya, lita ɗaya zuwa biyu take bayarwa a rana, yayin da ta Holan ke wuce lita 20. Amma ta Holan ba ta jure zafi da kaska da sammore, don haka sai an haɗa iri, kuma maniyyin barbarar zamani a ruwan naitirojin ake adana shi, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Nonon da aka tatsa da safe, in ba a sanyaya shi zuwa digiri 4 cikin 'yan sa'o'i ba, masana'anta ba za ta karɓa ba. Kowane mataki yana buƙatar wuta, hanya, kayan gyara da hannun da ya iya. Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru, duk da haka ƙauyukanta da yawa a duhu suke kwana. Tankin sanyaya nono da babu makanikensa a Mariga ko Kontagora, ruwan Bagaja ne: ya zo daga nesa, ya yi aiki sau ɗaya, sai a jira gwarzo daga Abuja.

Macijin rijiya ma bai bar yankin ba. Ranar 17 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Kimiyya ta Kagara, garin Abubakar Imam. Ranar 30 ga Mayu suka sace yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina. Garuruwan biyu suna ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabciyar Mariga. Likitan dabbobi ba ya kwana inda ake satar mutane, makiyayi kuma ba ya zuba dukiyarsa a saniya mai tsada wadda za a kora cikin dare ɗaya. Sannan a Maris 2024 Babban Banki ya janye takunkumin dalar madara, abin da ya rage matsin da ya kai kamfanoni daji tun farko.

Indiya ta taɓa zama a irin wannan hali. A 1946 manoman Anand da ke jihar Gujarat suka kafa ƙungiyar gama-kai wadda ta zama Amul, a 1970 kuma aka ƙaddamar da shirin faɗaɗa tsarin a duk ƙasar ƙarƙashin Verghese Kurien. Babu asiri a ciki: ana karɓar nono safe da yamma a ƙauye, a auna maiƙonsa a gaban mai shi, a biya shi ba da jinkiri ba, a horar da 'ya'yan ƙauyen su yi allura da barbara. Kafin ƙarshen shekarun 1990 Indiya ta zarce kowace ƙasa yawan madara, kuma akasarinta daga masu saniya biyu ko uku take fitowa.

Najeriya ba ta rasa tushe ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana aiki tun 1924, ga cibiyar binciken kiwo ta Shika a Zariya, ga kuma Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Shugaba Bola Tinubu ya kafa a 2024. Abin da ya rage yana kan teburan masu tsara kasafi da masu rubuta wa ministoci takardun shawara. Injin da za a yanke wa ƙyalle a gaban kyamara yana samun gurbi cikin sauƙi; albashin malamin dabbobi, kuɗin kayan gyara, horar da matan ruga waɗanda su ne masu nono tun asali, da tsaron hanyar Tegina zuwa Kontagora, su ne ake fara zaftarewa in kuɗi sun yi ƙaranci.

Don haka duk takardar da ta iso ofis da sunan Bobi, ko wani gandu irinsa, ya dace a yi mata tambaya uku kafin a sa hannu: wa zai gyara in ya lalace, wa aka koya wa, kuma wa zai tsare shi da dare? Aikin da ya kasa amsa su zai yi daɗin karantawa a rahoton ƙarshen shekara, makiyayin Bobi kuwa zai ci gaba da tatsar lita ɗaya.