Tsadar Takarda Ta Fi Wayar Hannu Yi wa Littafi Illa

Kusan duk ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo a 'yan shekarun nan, ta gaban kwamfuta ya bi, domin tun 2015 hukumar JAMB ta yi sallama da jarrabawar takarda da fensir. WAEC ma ta soma bin sahu a 2024 da masu rubuta jarrabawa daga waje. Wanda ya dubi wannan kaɗai zai ce takarda ta gama yayi. Sai dai wannan ɗalibin, da zarar malami ya turo darasi ta WhatsApp kuma jarrabawa ta ƙarato, shagon fotokwafi yake nufa a buga masa, ya samu abin da zai ja wa layi da biro. Ranar da ya kammala kuwa, ba zai yarda a ce shaidarsa tana cikin waya ba, sai ya riƙe ta a hannu da hatimi. Ra'ayina shi ne fasahar zamani ba za ta kawar da littafi a nan ba, kuma masu tsoron hakan sun bar jaki suna dukan taiki, domin tsadar takarda ce ke raba mutane da littafi.

Gaskiya ne waya ta ƙwace wani yanki na karatu, kuma ba zai dawo ba. Garin da ke nesa da maɗaba'un Legas da Abuja da Kaduna ya daɗe yana karanta labarin da ya kwana, yanzu kuwa mai shayi a Jalingo yana jin abin da ya faru a majalisa kafin a tashi zaman. Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano a shekarun 1990 sun koma Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda marubuciya ke sakin labari babi babi ana biyanta ta banki, wasu kuma ana karanta su a YouTube har wanda bai yi boko ba yana saurare. Wannan ci gaba ne, ba abin kuka ba. Abin lura dai shi ne irin rubutun da ya ƙaura: wanda ake karantawa sau ɗaya a wuce.

To me ya hana littafin makaranta da na bincike yawaita a hannun mutane? Nijeriya ta taɓa gina manyan masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku Iboku da Iwopin, duk suka durƙushe, aka koma sayo takardar ɗab'i daga waje da dala, haka ma tawada da kayan gyaran injin. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Kuɗin buga littafi ya bi ta, sannan a ɗora kuɗin motar da za ta ɗauko shi daga Ibadan ko Onica ko Zariya zuwa Taraba bayan cire tallafin mai. Uban da ya ce wa ɗansa ya nemi hoton littafin a wayar abokinsa, aljihunsa ne ya yanke hukuncin, ba sha'awar fasaha ba. Kuma madadin ba kyauta ba ne: a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kira da data. Ga batun caji, a jihar da aka shafe shekaru gommai ana yi mata alkawarin tashar lantarki ta Mambila mai megawat 3,050, har yau ba a ga haskenta ba.

Za a ce wannan matsala ce ta wucin gadi, sola na ƙara araha, wayoyi na ƙara yawa, yaran da suka taso da latsa waya ba za su yi kewar takarda ba. Rabin farko na maganar daidai ne. Amma a dubi ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. Suwidin, wadda ta yi nisa wajen raba wa yara na'urori a aji, ta juya a 2023 ta ware kuɗi don mayar da littattafan takarda, saboda damuwa kan yadda yara ke fahimtar karatu. Wani nazari da masana a Sifaniya da Isra'ila suka fitar a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwajen da suka shafi mutum sama da 170,000, ya nuna an fi fahimtar rubutun ilimi a takarda, musamman idan lokaci ƙayyadadde ne, alhali a labarin nishaɗi bambancin bai taka kara ya karya ba. Dalilin ba boyayye ba ne ga duk mai waya: shafin littafi ba ya kawo saƙo a tsakiyar sakin layi.

Akwai kuma batun ɗorewa, wanda masu ɗokin fasaha ba sa son tattaunawa. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara goma. Rubuce-rubucen malaman jihadi da aka yi da hannu fiye da shekara ɗari biyu kuwa suna nan ana karantawa a Sakkwato da Gidan Arewa na Kaduna. Tarihinmu ma ya nuna sabon kayan rubutu ba kasafai yake kashe tsoho ba: takarda ta ratso Sahara ƙarnoni da suka wuce, maɗaba'a ta zo, amma allo na nan a makarantun allon Jalingo, domin aikin rubutawa da wankewa da maimaitawa ya fi dacewa da shi.

Gwamna Agbu Kefas na Taraba ya ayyana karatun firamare da sakandare kyauta a 2023. Idan gwamnati za ta zaɓi inda za ta fara zuba kuɗin kayan karatu, littafin lissafi guda mai ƙarfin bango zai yi wa yara uku ko huɗu aiki bi da bi a Karim Lamido ko Gembu, ba caji ba data. Ɗakin kwamfuta mai sola shi ma wajibi ne a kowace sakandare, tunda yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar JAMB an riga an cuce shi.