Shin Fetur Mai Babbar Lamba Yana Ƙara wa Mota Ƙarfi?

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, masu motoci a Nijeriya suka koma lissafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, a wasu jihohin ma ta wuce. A irin wannan hali kowa yana neman dabarar da za ta sa mai ya daɗe a tanki. Wata dabara da nake yawan ji a tasha da gareji ita ce a nemi fetur mai babbar lambar okten, ko kuma a sayi 'yar kwalbar nan da ake sayarwa a shagunan kayan gyaran mota a juye a tanki don a ɗaga lambar. Masu wannan ra'ayi suna cewa mota za ta fi gudu, ta rage shan mai, injinta kuma ya daɗe. Hujjarsu ita ce araha ba ta ado.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana ma'anar lambar okten da aikinta, sannan in duba ko akwai riba a ƙarin kuɗin da ake kashewa. Maganata a kan motar da injinta yake yadda kamfani ya ƙera shi ne, ba a yi masa wani sauyi ba.

Yadda inji yake ƙona mai

A cikin injin mota akwai silinda, a cikin kowace silinda kuma akwai fistan mai hawa da sauka. Aikinsa mataki huɗu ne. Da farko fistan yana sauka, ya jawo iska gauraye da fetur. Na biyu, ya hau ya matse su. Na uku, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama, ƙarfinta ya tura fistan ƙasa. Na huɗu, fistan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. A ƙaramar mota irin Toyota Corolla, ana matse iska da mai har su koma kamar kashi 1 cikin 10 na wurin da suka cika da farko.

Matsi yana kawo zafi. Abin da ake so shi ne wuta ta tashi daga bakin fulogi ta bazu a hankali har ta cinye man duka. To amma idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar man da wutar ba ta kai gare shi ba yakan fashe da kansa. Daga nan sai a ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, musamman in mota tana hawan tudu da kaya. Wannan ƙara ita zan kira ƙwanƙwasa. Ya kamata mai karatu ya bambanta ta da abin da makanikai suke nufi in sun ce inji ya buga ko ya yi nokin, domin wannan lalacewa ce da galibi rashin baƙin mai yake jawowa. Sai dai ita ma ƙwanƙwasa in ta yi tsanani ta daɗe, tana iya cinye kan fistan.

Mece ce lambar okten?

Lambar okten ma'auni ce ta juriyar fetur ga matsi kafin ya kama wuta da kansa. A shekarun 1920 ne wani masanin kimiyyar harhaɗa sinadarai ɗan Amurka mai suna Graham Edgar ya fito da wannan ma'auni. Ya ɗauki sinadarai biyu: aiso-okten mai juriya ƙwarai, aka ba shi lamba 100, da hebten mai saurin fashewa, aka ba shi sifiri. Saboda haka fetur mai lamba 91 shi ne wanda juriyarsa a injin gwaji ta yi daidai da ta gaurayen kashi 91 na aiso-okten da kashi 9 na hebten.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Lambar ba ta auna ƙarfin da ke cikin mai. Lita ɗaya ta mai lamba 91 da lita ɗaya ta mai lamba 95 kusan ƙarfinsu ɗaya ne. Misalin da zai tabbatar da haka shi ne sinadarin itanol: lambarsa ta wuce 100, amma ƙarfin da ke cikin litarsa bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Haka kuma babbar lamba ba shaidar tsabta ba ce. Daga 1923 aka fara sayar da fetur mai sinadarin dalma a Amurka don ɗaga wannan lamba, daga baya aka gane cewa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Sai a 2021 aka daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe.

Lambobin da ke ruɗa masu motocin tokumbo

Yawancin motocinmu na hannu ne, daga Amurka ko Turai, kuma hanyar awon wuraren biyu ba ɗaya ba ce. Turai da Nijeriya suna amfani da awon da ake kira RON. Amurka kuwa tana haɗa RON da wani awo mai tsanani da ake kira MON, ta raba biyu. Shi ya sa lambar Amurka take yin ƙasa da maki 4 zuwa 5. Fetur na gama-gari a can lambarsa 87, wanda ya yi daidai da 91 ko 92 a awonmu. Mai tsadarsu kuma, 91 zuwa 93, ya yi daidai da 95 zuwa 98 na Turai. Ƙa'idar fetur a Nijeriya ita ce kada ya gaza RON 91. Ke nan wanda littafin motarsa ta Amurka ya ce 87, man gidan mai ya ishe shi muddin ya cika ƙa'ida. Amma wanda littafinsa na Amurka ya ce 91, kada ya ɗauka 91 ɗinmu ake nufi.

Akwai riba ko babu?

Amsar tana ga injin. Idan an ƙera inji don mai lamba 91, kuma ba ya ƙwanƙwasa da shi, ƙarin juriya ba ta da aikin yi. Fetur ba ya canza girman silinda, ba ya ƙara matsi. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin da aka ƙera don man gama-gari da mai iri biyu, ba ta sami wani bambanci na a zo a gani ba a ƙarfi ko shan mai ko hayaƙi. Ta ƙiyasta cewa direbobin Amurka sun yi asarar fiye da dala biliyan 2.1 cikin shekara guda a kan wannan ɗabi'a.

Akwai kuma motocin da kamfani ya wajabta musu babbar lamba, kamar yawancin Mercedes-Benz da BMW, da wasu masu tobo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Matsinsu yana da yawa. Motocin zamani suna da 'yar na'ura mai sauraren ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai kwamfutar mota ta jinkirta tartsatsin fulogi don kare inji, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. A irin waɗannan motoci, man da aka tsara musu yana dawo da ƙarfin da aka ƙera su da shi ne kawai.

Tsohuwar mota mai kafireto, irin Peugeot 504, ba ta da wannan na'ura. Idan ta fara ƙwanƙwasa, sau da yawa dattin ƙonannen mai ne ya taru a kan fistan, ko saitin wuta ya goce, ko lagireto ba ya sanyaya inji yadda ya kamata. Mai babbar lamba zai iya rufe ƙarar, amma ciwon yana nan, maganinsa yana gareji.

Game da 'yar kwalba kuwa, a lura da rubutun jikinta. Abin da da yawa daga cikinsu suke kira maki ɗaya, kashi 1 cikin 10 ne na lamba ɗaya. Wadda ta yi alƙawarin maki 3 za ta ɗaga 91 zuwa 91.3 ne kawai. Wasu kuma suna ɗauke da sinadarin manganis mai barin jan datti a bakin fulogi.

Abin da ya fi damun mu

A ganina, babbar matsalar direba a Nijeriya ita ce gurɓataccen mai. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, layukan mai suka yi tsawo a Legas da Abuja. Abin lura shi ne lambar okten ta metanol ta wuce 100. Illarsa ita ce yana jan ruwa, yana kuma cin roba da wasu ƙarafan hanyar mai. Haka nan man da aka gauraya da kananzir, kamar yadda wasu 'yan bumburutu suke yi, lambarsa tana faɗuwa ƙasa da ƙa'ida, kuma shi ne ke sa inji ƙwanƙwasa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa fetur mai babbar lamba ba ya ƙara wa injin da ba ya bukatarsa komai, ƙaramar lamba kuma tana cutar da injin da aka ƙera don babba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Shawarata ga mai mota ita ce ya duba littafin motarsa ko murfin tanki, ya tabbatar da awon ƙasar da lambar ta fito, ya kuma sayi mai a gidan man da ya yarda da shi. Kuɗin 'yar kwalba gara a kashe shi wajen sauya fulogi da baƙin mai a kan lokaci, da daidaita iskar taya, domin a nan ne ake ganin sauƙin shan mai.