Idan motar gida ta fara karkarwa a silo, kada a yi saurin sayen kaya

Ranar kasuwar Makarfi ce, a tsakiyar kakar rake. Manyan motoci sun tare rabin hanya ana lodi, ni kuma ina cikin tsohuwar Corolla ɗinmu da yara uku, za mu asibitin koyarwa na Shika. Ina taka burki na tsaya bayan wata tirela sai sitiyari ya soma rawa a hannuna, allurar da ke nuna juyin inji ta riƙa hawa tana sauka, kafin in ankara mota ta mutu. Na murɗa makulli ta tashi. Na sake tsayawa, ta sake mutuwa. 'Yan acaba na ta danna mini hon, autana na kuka, lokacin ganin likita kuma yana ƙurewa.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. Bakanike na farko ya ce filogi ne, aka sauya duka huɗu. Kwana biyu matsala ta dawo. Na biyu ya ce nozul ne suka toshe, aka wanke. Da ta sake dawowa sai aka ce famfon mai ne, a kawo kuɗi. A nan ne maigida ya ce a dakata, don kuɗin cefanen wata ya riga ya tafi gareji.

Silo shi ne lokacin da inji ke aiki mota na tsaye, ba a taka totur ba. A yawancin ƙananan motoci, idan inji ya ɗumama, allura kan tsaya tsakanin 600 da 900 ba ta motsi. Da sassafe takan haura 1,000 na ɗan lokaci sannan ta sauko, wannan ba matsala ba ne. Matsala ita ce idan ta ƙi zama wuri ɗaya, ko mota na jijjiga, ko tana mutuwa duk sanda aka tsaya.

A zamanin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, kafireta ce ke raba mai, kuma bakanike da sukundireba ɗaya da kunnensa yakan daidaita silo. Motocin da suka cika hanyoyin Ikara da Hunkuyi da Tashar Yari yanzu, irin su 406 da Golf da Sharan da Corolla da Camry 'yan Kwatano, injekta gare su. Wata 'yar kwamfuta ce a ciki, wadda kanikawa ke kira biren bos, take auna iskar da ke shiga inji sannan ta ba da mai daidai da ita. Idan aka yi mata ƙarya game da iskar, za ta yi kuskuren lissafi, kuma a silo kuskuren ya fi bayyana domin lokacin iskar da inji ke sha kaɗan ce ƙwarai.

Uwargida, ko ba ke ke tuƙi ba, kina da abin da bakanike ba shi da shi: ke ce ke cikin motar kullum. Shi minti goma yake ganinta. Don haka ki lura da lokacin da abin ke faruwa. Da sanyin safiya ne kawai, ko bayan an yi tafiya inji ya yi zafi? Yana ƙaruwa idan an kunna na'urar sanyi? Ya fara ne bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan an wanke inji, ko bayan an cire batir? Idan an taka totur karkarwar na ɓacewa ko tana bin motar har kan hanya? Ki ɗauki bidiyon allurar da wayarki, da sautin injin. Mota tana da halin yaro mara lafiya, da an isa gaban likita sai ta warke.

Ga amfanin wannan lurar. Idan mota na jijjiga lokacin da take cikin giya an taka burki, amma allura na nan daram, kuma da an mayar da giya firi jijjigar ta ragu sosai, sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, robobin da yake zaune a kansu ne suka mutu. Ramukan hanya ke cinye su. Idan kuwa mota ba ta da ƙarfi a hawa, tana shaƙewa in an taka ta za a wuce babbar mota, to a nan ne ake zargin famfon mai ko matatar mai. Famfon da ya raunana yakan fara nuna kansa lokacin da inji ke neman mai da yawa. Motata kuwa a kan hanya lafiya lau take gudu, sai an tsaya take rikicewa. Da na san wannan tun farko da ban bari an ambaci famfo ba.

A yankinmu ƙura ce babbar mai laifi. Duk wadda ta bi hanyoyin ƙauyukan Kudan ko Ikara da rani, lokacin da ake kwasar tumatir da rake, ta san yadda mota ke dawowa. Matatar iska kan toshe, bakin totur ya yi baƙin datti, haka ma ɗan bawul ɗin da ke ba inji iska a silo a tsofaffin motoci. Na'urar da ke auna iska, wadda ke kusa da akwatin matata, waya ce siririya a cikinta, ƙura kaɗan ta isa ta ruɗa ta. Duk waɗannan wanki suke buƙata, ba saye ba. Sai dai na'urar auna iskar tana da nata maganin feshi na musamman. Kada a bari yaron gareji ya goge ta da tsumma ko ya hura mata iska mai ƙarfi.

Sai tiyo. Zafin inji da shekaru kan busar da roba ta tsage, iska ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya ba tare da kwamfuta ta ƙirga ta ba. Wani lokaci idan aka buɗe bonet inji na aiki za ki ji wani siririn sauti kamar ana tsotsa. Wannan ce ta same mu. Wani mai gyaran wayoyin mota a Zariya ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna lambar P0171, wato iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan. Ya lanƙwasa babban tiyon da ya taso daga matatar iska, sai ga tsaga a ƙasansa, inda ido ba ya gani. Kuɗin tiyon bai kai na filogin da muka sauya a banza ba.

Wannan na'ura ba sabon abu ba ce. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke da mazauninta, na Turai masu fetur kuma tun 2001. Lamba P0300 na nufin inji na tsallake wuta, P0301 kuma na nuna silinda ta ɗaya ce. Amma lamba hanya take nunawa, ba ta yanke hukunci. Idan ta nuna silinda ɗaya, bakaniken kirki zai musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta ya ga ko matsalar ta bi shi, kafin ya ce a sayi komai. Ki tambaya cikin ladabi: Malam, me aka gwada aka tabbatar? Kuma a ba ku tsohon abin da aka cire.

Batun mai ma ba a raina shi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, gidaje da yawa lita biyu ko uku ake zubawa, tanki kullum a ƙasa. Famfon yana cikin tankin ne, man ne ke sanyaya shi, kuma yawan tafiya a ƙarshen tanki yana gajiyar da shi. Man jarka na bakin hanya kuma ba a san abin da ya shiga cikinsa ba, ruwa ko ƙasa. Ko gidan mai ba tabbas ba ne: a watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙa'ida, motoci suka lalace. Idan karkarwa ta fara a ranar da aka sha mai, a faɗa wa bakanike wannan kafin komai.

Akwai gyare-gyaren da nake roƙon a ƙi. Ɗaga silo don mota ta daina mutuwa ɓoye ciwo ne, mai kawai za ta ƙara sha. Cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi yakan sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara mai, filogi su yi baƙi. Wasu kuma ƙwan fitilar gargaɗin inji suke cirewa, musamman in za a sayar da mota. Gwajin mai sauƙi ne: ki murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba. Ya kamata fitilar mai hoton inji ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an taɓa ta.

Mota mai 'yar karkarwa za ta iya kai ku gareji a hankali. Amma idan fitilar nan tana ƙyaftawa, ko farin hayaƙi mai yawa na fita ta salansa ruwan lagireto na raguwa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ana jin warin fetur a cikin mota, a kashe ta a nemi mai gyara ya zo. Ki kuma sani cewa idan inji ya mutu ana tafiya, sitiyari zai yi nauyi, burki kuma zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. Yana nan yana aiki, ƙarfi kawai za ki sa. Sannan kada a bar mota tana ɗumama a rufaffen wuri yara na ciki, hayaƙinta na kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Yanzu duk ƙarshen wata da rani babban ɗana ne ke buɗe akwatin matatar iska ya ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, mun san lokacin sauyawa ya yi. Tsohon tiyon kuma yana nan a but, na ce a bar shi don in nuna wa ƙanwata da ke aure a Ikara, tata motar ta fara irin wannan rawar.