Daga Bakin Lambu Zuwa Tukunyar Miya: Yadda Maganin Feshi Ke Shiga Kifinmu

Duk wanda ya taɓa bi ta lambunan bakin rafi a Akra ko Kumasi da yamma ya ga wannan: mai lambu ya gama feshin latas da kabeji, sai ya gangara rafi ya ɗauraye tankin feshi, ya tuttular da ruwan nan take, wani lokaci har ya jefa robar maganin. Da yawa cikin masu wannan sana'a 'yan'uwanmu ne na zango. Ba mugunta ba ce, sabo ne kawai. To amma abin da ruwa ya tafi da shi fa ba ɓacewa yake yi ba.

Tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da lindane da endosulfan ba sa saurin lalacewa. Sukan kwanta cikin laka, wasu su yi shekaru a can. Ƙananan halittun ruwa su haɗiya, ƙananan kifi su ci halittun, manya su ci ƙanana, gubar tana ta taruwa a kitse. Ba ta da warin da uwargida za ta ji a kasuwa, kuma suya ko banda ba sa raba kifi da ita gaba ɗaya.

An ga hakan a Akumadan, garin tumatir na yankin Ashanti. Binciken da aka wallafa a 2001 ya gano ragowar irin waɗannan magunguna a ruwa da laka da tumatir, har a jinin manoma da nonon mata masu shayarwa. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Doka kam akwai ta. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta takaita amfani da DDT, aka ƙara lindane a jerin a 2009, endosulfan kuma a 2011. Tun dokar kamun kifi ta 2002 Ghana ta haramta kama kifi da guba, irin yadda wasu suka riƙa zuba Gammalin 20 a ruwa su kwashe babba da ƙarami. Sai dai doka ba ta wanke lakar da ta riga ta sha magani. Sababbin magungunan da ake sayarwa yanzu ma, ko da sun fi saurin lalacewa, wasunsu na kashe kifi in sun shiga rafi.

To yaya ake tsabtace ruwan? Kwashe laka da injina akwai tsada, kuma yana iya tayar da gubar da ta kwanta. Abin da ya fi aiki shi ne a toshe hanyar shigarta, a bar ruwa ya farfaɗo a hankali. Robar magani a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin tanki a fesa a gona, sannan a huda ta don kada wani ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Tanki a wanke shi nesa da rafi. Kada a yi feshi in hadari ya taso. A kuma bar tazara tsakanin shuka da gaɓa, a dasa jema ko wata ciyawa mai riƙe ƙasa, domin tana tare laka kafin ta kai ruwa.

Sauran aikin namu ne a zango. Iyayenmu mata masu sarin kifi daga Yeji da sauran gaɓar tafkin Volta, in suka ƙi karɓar kifin da aka san na guba ne, mai zubawa zai rasa kasuwa. Limamai da sarakunan zango su ma suna da ta cewa, tunda addini ya hana ɓata ruwan da jama'a ke amfani da shi. Mai lambun nan ma, da dare tarwaɗar ce za a sa masa a miya, shi da 'ya'yansa.