Ma'auni uku, kilo uku: wanne za mu kama?

Ƴan uwa mata, a ƙungiyoyinmu na asusu akwai da yawa da aka ce su rage ƙiba saboda hawan jini, ciwon suga ko ciwon gwiwa. Kukan da muke yawan ji shi ne: mace ta hau ma'aunin likita ya nuna kilo 84, na maƙwabciya ya ce 86, na kasuwa kuma 83. Sai gwiwa ta yi sanyi. Wata ta koma ga cimar da aka hana ta, wata ta kwashi kuɗin zubi ta sayi shayin rage ƙiba a hannun ƴan talla.

Mu da ke awon hatsi mun san tiyar wannan ba ta zama daidai da tiyar waccan. Haka ma'auni yake. Mai allura, in allurarsa ba ta tsaya kan sifiri ba kafin a hau, kuskure zai ba da. Mai lambobi kuwa, in pil ɗinsa ya yi sanyi sai ya riƙa rikicewa. Kowanne aka aza kan rairayi, tabarma ko ƙasa mai tudu da kwari, ba zai faɗi gaskiya ba. Daɓen siminti yake so.

Jikinmu ma ba ya tsayawa wuri guda. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce cur. Wadda ta sha fura, ta ci tuwo, ta ɗaura zane biyu da hijabi, ai dole ta fi yadda ta tashi da asuba nauyi. Tsakanin safe da dare ana iya ganin bambancin kilo 1 zuwa 2. Gishiri da magi suna riƙe ruwa a jiki, haka ma kwanakin da al'ada ta kusa. Wannan ruwa ne, ba kitse ba.

To, ga dabara. Ma'auni ɗaya, wuri ɗaya, rana ɗaya a mako, da safe bayan an kewaya, kafin a karya kumallo, da tufafi marasa nauyi. In ana shakkar ma'aunin, a hau hannu sake, a sake hawa riƙe da bidon mai lita 5 cike da ruwa. Ya kamata a ga ƙarin kusan kilo 5.

Sannan a rubuta, kamar yadda muke rubuta zubi. Ba a gane ribar asusu a mako guda, haka nan sai an jera awon wata ɗaya ko biyu ake ganin inda aka dosa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar, gaggawa ba ta da amfani. Metar tela ma tana taimakawa: in ƙugu yana raguwa, aiki na tafiya ko da allura ta yi gardama. Ƙungiyar da ke da hali tana iya sayen ma'auni guda, a ajiye shi tare da akwatin kuɗi.

Jan kunne biyu. Mai ciki kada ta shiga rage ƙiba, mai goyo kuma sai ta nemi shawarar ungozomar likita. Wadda take ramewa ba tare da ta rage abinci ba, musamman in ga yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya wuce mako biyu, kada ta yi murna, ta je CSI a duba ta. Maganin hawan jini kuwa ba a barin shi don kilo ya sauka, sai likita ya ce.

Allah ya ƙara mana lafiya.