Mene Ne Aikin Wanda Ba Ya Tuƙi A Kwale-kwalen Tsere?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Yawuri ya ce ya ga hoton tseren kwale-kwale na Ingila, mutum takwas na ta fama da filafili, na taran kuwa yana zaune abinsa. Ya ce shin wannan ba ɗan cin banza ba ne?

AMSA: To malam, ko kusa. Turawa na kiransa "koks", wato jagoran jirgi. Su matuƙan nan takwas baya suke ba wa inda za su, shi kaɗai ne ke fuskantar gaba. Da igiya yake juya wani ɗan allo da ke ƙarƙashin jirgin ta baya, da shi ake karkata dama ko hagu. Shi ne kuma ke faɗa musu lokacin da za su ƙara wuta da lokacin da za su sassauta, don filafilansu su riƙa shiga ruwa tare. Akan zaɓi mara jiki don kada ya zame musu kaya, amma a gasar duniya in bai kai kilo 55 ba, sai a ƙara masa wani abu mai nauyi a jirgin.

Tseren da ya fi suna shi ne na jami'o'in Oksfod da Kambirij, wanda aka fara a 1829. A Kogin Tems ake yinsa, cikin Landan, tafiyar kusan kilomita 7. Kogin na da kwana-kwana, saboda haka jagoran da ya san inda ruwa ya fi gudu kan jawo wa jama'arsa nasara. A 1981 aka fara ba mace wannan matsayi, wato Sue Brown ta Oksfod, kuma su suka ci.

Kuskurensa kuwa kowa yake shafa. A 1984 jirgin Kambirij ya yi karo da wani babban jirgi da ke tsaye tun ba a fara ba, ya lalace, dole aka ɗage tseren sai washegari.

Ka ga ke nan aikinsa kamar na hedimasta ne: malamai ke cikin aji, amma in makaranta ta karkace, shi za a tambaya.

Da fatan ka gamsu. A gaishe mana da mutanen bakin Kwara.