Facin da Ake Yi wa Girgijen Kamfani Cikin Dare

Saƙon nan da bankuna kan aiko, cewa daga ƙarfe 12 na dare zuwa asuba manhajarsu ba za ta yi aiki ba saboda gyara, yawancinmu tsaki muke ja mu wuce. Sau da yawa kuwa, a bayan saƙon akwai injiniyoyin da za su kwana ido biyu suna ɗora wa dandalin bankin sabon faci.

Ba kowane banki ko kamfanin waya ko ma'aikatar gwamnati ke yarda ya ajiye bayanansa a kwamfutocin haya na Amazon ko Microsoft ba. Wasu sukan sayi nasu manyan injinan, waɗanda ake kira saba, su jera su a ɗaki mai sanyi, su ɗora musu dandali irin VMware ko OpenStack ko OpenShift na Red Hat. Dandalin ne ke haɗa ƙarfin injinan wuri guda, ya riƙa raba wa manhajar albashi da ta tura kuɗi da ta ajiyar takardu gwargwadon buƙatar kowace. Wannan shi ne girgije na kashin kai. Daɗinsa, mabuɗi na hannunka. Wahalarsa, gyara ma na wuyanka.

Lokaci-lokaci masu dandalin kan fitar da ƙaramar sabuntawa, wato faci. Ana gane ta da lambar ƙarshe, a ce daga 4.14.7 zuwa 4.14.8. Ba ta zuwa da wani sabon ado, aikinta gyara kurakurai da toshe kafofin da masu kutse ke bi. Kamar yaɓen katanga ne kafin damina: babu mai yaba maka don ka yi, sai ranar da ta zube a tuna ba ka yi ba.

A nan shugabanni da yawa ke cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, tunda komai na tafiya lafiya. Ni dai ban yarda da su ba. Ranar da aka fitar da faci, ranar ce aka sanar da duniya inda ɓarakar take, kuma ɓarayi ma suna karanta sanarwar. A watan Fabrairun 2021 VMware ya toshe wata kafa a manhajarsa ta ESXi. Shekara biyu bayan haka, a Fabrairun 2023, masu neman kuɗin fansa suka bi ta wannan kafar suka kulle dubban sabobin da ba a yi wa facin ba, da yawansu a Faransa. Kamfanin Equifax na Amurka ya yi sakaci da facin manhajar Apache Struts da ya fito a Maris ɗin 2017, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147.

Amma masu ɗari-ɗarin ma suna da hujja. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cik, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Abin da ya ƙara girman ɓarnar shi ne an tura wa kowa a lokaci guda.

Saboda haka ƙwararru ba sa yin aikin da ka. Sukan fara karanta takardar da ta zo da facin, don akwai wanda ba ya hawa sai an ɗora wani kafinsa. Sai a kwafi bayanai a adana a wani wuri dabam, a kuma gwada dawo da su, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba ba a san abin da ke cikinsa ba. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato: OpenShift, alal misali, ba ya ba da hanyar komawa tsohuwar lamba bayan an sabunta. Daga nan a gwada facin a wani ƙaramin dandali na gwaji da babu abokin ciniki a kansa.

Daren aikin kansa, ana farawa da ɓangaren da ke jan ragamar sauran. A VMware, vCenter ake fara taɓawa kafin injinan ESXi. Sannan a ɗauki saba guda, a kwashe ayyukan da ke kanta zuwa 'yan'uwanta ba tare da an kashe su ba, a ɗora facin, a sake kunna ta, a duba lafiyarta, a mayar mata da kaya, a matsa zuwa ta gaba. Idan an yi daidai, mai tura kuɗi ba zai ma san ana wani aiki ba. Sharaɗin shi ne a sami rarar wuri. Kamfanin da ya cika kowace saba maƙil don tsumulmula ba shi da inda zai sauke kayan, dole ya rufe komai, ya aika wa jama'a saƙon ban haƙuri. Ga kuma wuta: a wurin da lantarki ba shi da tabbas, ana duba janareta da batura kafin a taɓa komai, don injin da wuta ta ɗauke masa ana tsakiyar faci yana iya ƙin tashi.

Matakin ƙarshe shi ne wanda gajiya ke sa a tsallake, wato bin injinan ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowanne na nuna sabuwar lamba. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka yana da sabobi 8, aka sabunta 7 aka manta guda. Da kasuwa ta buɗe ranar 1 ga Agustan 2012, wannan gudar ta farfaɗo da wani tsohon umarni, ta shiga saye da sayarwa babu ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440.